Injin ban ruwa mai inci 2 a hannun ƴan sa-kai na kashe gobara: a saya ko a bari?

Jihar Damagaram faɗi gare ta. Daga birni zuwa Magarya kimanin kilomita 90 ne, zuwa Tanut ko Gure kuwa ya haura 140, kuma tsakanin waɗannan garuruwa akwai ƙauyuka birjik da sai an sauka daga kwalta an kutsa cikin rairayi kafin a kai su. Motar sojojin kashe gobara tana tafe da nauyin ruwa a bayanta, ba ta gudun ƙaramar mota. Bukkar kara kuwa, in iskar hunturu ta samu bayanta, minti kaɗan ya ishe ta ta zama toka, ta miƙa wa danni, danni ya miƙa wa rumbu. Saboda haka ko an kira lamba 18 (kuma lalle a kira tun wuta tana ƙarama, ba sai ta gagara ba), aƙalla rabin sa'ar farko a hannun mutanen gari take. Shi ya sa da zarar ƙauye ya kafa kwamitin ƴan sa-kai, maganar farko da ke fitowa a zauren mai gari ita ce a haɗa kuɗi a sayo motopom, wato injin nan da masu lambu ke shayar da albasa da rake da shi.

Hukuncinmu a kansa shi ne: injin mai inci 2 (faɗin bakin tiyonsa ke nan) ya cancanci kuɗinsa, amma ga garin da ke da ruwa kusa, da tankin da zai ɗora a amalanke, da mutum biyu ko uku da za su riƙa tada shi kowane mako. Inda babu waɗannan uku, gara a zuba kuɗin a bokitai da shebur da ƙugiya da tano cike da ruwa a kowace unguwa. Injin da aka sayo aka jingine a ɗakin ajiya tun kaka, ranar da aka fito da shi a watan Janairu sai an ja igiya har hannu ya gaji bai tashi ba, wuta kuma tana ci.

A shagunan kayan noma na birni, daga Kasuwar Dole zuwa sauran wuraren masu sayar da injuna, iri uku ne za a nuna maka. Akwai mai inci 2 na ban ruwa, wanda a jikin kwalinsa za ka ga an rubuta kimanin lita 600 a minti, da tsayin tura ruwa na mita 30 ko sama kaɗan. Nauyinsa kilo 20 da ɗoriya, mutum ɗaya na ɗaga shi. Akwai mai inci 3, wanda ke ba da lita 1,000 zuwa 1,100 a minti, amma tsayin turawarsa bai kai na mai inci 2 ba, yakan tsaya tsakanin mita 23 da 28. Sai na uku, mai inci 2 mai ƙarfin matsi, wanda ruwansa bai kai na farko yawa ba, lita 450 zuwa 500, amma yana tura ruwa mita 45 zuwa 50, wasu ma fiye. Wannan na ukun shi ne ya fi dacewa da gobara, shi ne kuma ya fi wuyar samu ya fi tsada, domin masu lambu ba su cika nemansa ba. In kwamiti na da hali ya sa a kawo masa shi, ko da daga Kano ko Yamai ne.

Alƙaluman kan kwali suna yaudarar mutane da yawa, ba don ƙarya ba ne, sai don ba a karanta su daidai. Lita 600 ɗin nan ana samun ta ne idan bakin tiyo a buɗe yake, ruwa na zuba ƙasa ba tare da ya hau ko'ina ba. Mita 30 ɗin kuma ana kai ta ne a daidai lokacin da ruwa ya daina fita kwata-kwata. Ba a samun su biyun a tare. Duk mita 10 na tsayi daidai yake da matsin bar ɗaya (bar shi ne ma'aunin matsin ruwa), ke nan injin na ban ruwa iyakarsa bar 3, kuma a wurin aiki abin da zai isa bakin feshi bai wuce bar 2 zuwa 2 da rabi ba. Wannan ya isa a jefa ruwa mita 10 zuwa 15, wato mutum ya tsaya nesa da zafi ya kai saman jinka ko tarin harawar da ke kan rumfa. Mai bokiti iyakarsa mita uku, kuma rabin ruwan a ƙasa yake ƙarewa. A nan ne amfanin injin yake gaba ɗaya.

Mai inci 3 shi ne wanda ido ke so, domin ya fi girma kuma ruwansa na fita da ruri. Ga gobarar ƙauye ba mu ba da shawarar sa. Matsalar ƙauye ƙarancin ruwa ce, shi kuma wannan injin zai shanye tankin lita 1,000 cikin minti ɗaya, tiyonsa da ya cika ruwa mutum biyu ba sa juya shi cikin lungu, ga shi bai kai ƙaraminsa jifa ba.

Abin da ke mayar da injin lambu kayan kashe gobara shi ne bakin feshi, kuma shi ne ba a sayar da injin tare da shi. In aka bar tiyon inci 2 a buɗe, tankin lita 1,000 zai ƙare cikin minti biyu, ruwan kuma yana zuba ne a gaban ƙafar mai riƙe da tiyo. In aka sa baki mai ramin milimita 12, a matsin bar 2 yana fitar da kimanin lita 135 a minti, tankin ya kai minti bakwai. In milimita 10 ne, kimanin lita 95, tankin ya kai minti goma. Da wannan lissafi, tano ɗaya mai lita 200 minti biyu ne kacal. Mu mun fi son milimita 10 ga duk garin da ruwansa a amalanke yake zuwa, milimita 12 ga wanda zai jefa tiyo kai tsaye cikin tabki. Bakin da ya fi kyau shi ne wanda ake murɗawa ya koma yayyafi ko ya rufe, domin yayyafi na kare fuskar mai feshi daga huci kuma ya fi jiƙa kara da ruwa kaɗan. In ba a samu ba, mai walda zai iya haɗa shi da guntun bututun ƙarfe da makunnin ruwa mai hannu ɗaya. Abin kiyayewa shi ne ramin ya zama sumul daga ciki. In akwai tsatsa ko ɗigon walda a bakin, ruwan zai watse tun bai yi mita biyar ba.

Da zarar an sa makunni a bakin tiyo, wata matsala ta taso. In aka rufe shi injin na aiki, ruwan da ke cikin famfon yana ta juyawa wuri ɗaya har ya yi zafi, cikin ƴan mintoci ya lalata robar da ke hana ruwa bi ta sandar injin. Maganin abu ne mai araha: a fitar da ƙaramin tiyo mai rabin inci daga bakin fitar ruwa a mayar da shi cikin tanki, a bar shi a buɗe kullum. Ruwa kaɗan na zagayawa, famfo ba ya zafi, kuma ba a yi asarar ko ɗigo ba.

Tiyo ma yana da nasa lissafi. Mutane na son siririn tiyo mai inci ɗaya saboda sauƙin ja, amma a lita 100 a minti, mita 30 na wannan tiyo yana cinye kusan bar ɗaya da rabi, ya bar mai feshi da ruwa kamar na buta. Mai inci ɗaya da rabi a wannan tsawo bai cin fiye da kashi ɗaya cikin biyar na bar, mai inci 2 kuwa kusan ba ya cin komai. Tsarin da ya fi aiki shi ne a shimfiɗa mai inci 2 daga injin har kusa da wuta, sannan mita 15 ko 20 na ƙarshe a yi su da inci ɗaya da rabi. A yanka tiyon guntu-guntu, mita 20 kowanne, da mahaɗi mai maƙalewa da hannu, domin in garwashi ya huda ɗaya a cire shi a ci gaba. Shuɗin tiyon roba mai naɗewa da masu lambu ke amfani da shi yana aiki, sai dai ƙaya da rana suna kashe shi da wuri, kuma in ya lanƙwashe a kwanar lungu ruwa ya tsaya. Dole a ajiye mutum ɗaya wanda aikinsa kawai bin tiyo yana warware shi.

Sai maganar da ke raba garin da injin zai amfana da wanda ba zai amfana ba, wato zurfin ruwa. Irin wannan injin ba ya tsotso ruwa daga ƙasa da mita 7 zuwa 8, komai sabuntarsa, komai sunan kamfaninsa. Nauyin iska ne ke tura ruwa cikin tiyon tsotso, kuma iyakar abin da zai iya a ƙa'ida mita 10 ne da ɗan kai. A aikace ana rasa biyu ko uku. Kuma tun daga mita 5 ruwan da ke fita yake raguwa sosai. A ƙasar Korama, wajajen Magarya da Matamai, inda ruwa ke kusa har ake noman rake, ko a bakin tabki irin na Gidimuni, injin na iya sha kai tsaye. A arewa, wajajen Tanut da Belbeji, inda rijiya ke yin gaba da yawa har sai dabba ta ja guga, ba zai taɓa kai ruwan rijiya ba. A can amfaninsa ɗaya ne: ya sha daga tanki ko kwandon siminti da aka riga aka cika. Wasu masu lambu suna saukar da injin cikin rami ko rijiya don ya kusanci ruwa. Kada ɗan kwamiti ya bi shi ciki yana aiki ko bayan an kashe shi nan take, domin hayaƙin salansa yana taruwa a ƙasa, ba shi da wari mai gargaɗi, kuma yana kashe mutum kafin ya iya kiran taimako.

Tankin da ya fi dacewa shi ne farin nan na roba mai kejin ƙarfe, lita 1,000, wanda bakinsa na ƙasa inci 2 ne, daidai da injin. Amma lita 1,000 tan ɗaya ne cif, ban da nauyin tanki da injin. Amalanken jaki ba ya ɗaukar wannan cikin rairayi. Iyakarsa tano biyu. Sai amalanken shanu mai taya masu kyau, ko babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, shi ma in hanya na da tauri. Tanki a cika shi fal ko a bar shi wayam. Rabin tanki yana kaɗawa a kwana ya kifar da amalanke. A ɗaure injin a ƙasa da matakin ruwan tanki, yadda da an buɗe makunni ruwa zai gangaro ya cika famfon da kansa. Wannan dabara kaɗai tana kawar da rabin matsalolin da za mu ambata yanzu. Dabba kuma ba ta son wuta: a tsaya da amalanke mita 40 ko 50 daga gobara, ta gefen da iska ke fitowa, a kwance jakin ko sa, a tokare amalanken.

Laifin injin na farko a ranar gobara shi ne ya tashi amma ruwa ya ƙi zuwa. Dalili uku ne kusan kullum. Ko ba a cika cikin famfon da ruwa ta murfin sama ba kafin a tada shi, ko iska na shiga ta mahaɗin tiyon tsotso saboda zoben roba ya faɗi ko ƙarfen ɗauri ya saki, ko rariyar bakin tiyo ta nutse cikin laka. Na farko shi ne mafi muni, domin famfon da ya yi gudu a bushe yana ƙona robarsa cikin ɗan lokaci, daga nan sai ruwa ya riƙa ɗiga tsakanin famfo da injin, tsotso ya mutu. Na biyu ba ya nuna kansa, tun da iska ce ke shiga ba ruwa ke fita ba. Ana gane shi in an ga kumfa na bin tiyo ko ruwa na zuwa yana yankewa. A ɗaure kowane mahaɗi da ƙarfen ɗauri biyu, kada a dogara da tsumman roba. Na uku kuma a sa rariyar cikin bokiti ko kwando a nutsar da su tare, yadda za ta sha ruwan tsakiya, ba yashi da tsakuwar ƙasa ba. Tiyon tsotso dole ya zama mai tauri mai zobe a jiki. Mai laushi yana shaƙewa da an fara ja.

Laifi na biyu shi ne ya ƙi tashi sam, kuma mafi yawan lokaci tsohon fetur ne. A zafin ƙasarmu fetur da ya kwana wata ɗaya ko biyu cikin kafireta yana bushewa ya bar danƙo a cikin ƙananan ramukanta. Injin mai lambu ba ya gamuwa da wannan saboda kullum yana aiki. Na kwamiti shi ke gamuwa da shi saboda zama yake yi. Duk ranar da aka gama aiki a rufe makunnin mai a bar injin ya mutu da kansa, ko a kwance ƙaramin ƙusan ƙasan kafireta a tsiyaye abin da ke ciki. Fetur na kwalba da ake saye bakin hanya a tace shi da tsumma mai tsabta, domin ƙura da ruwa ba sa rabuwa da shi. Tankin irin wannan injin lita uku ne da wani abu, yana kai kimanin sa'a biyu, ke nan jarka mai lita biyar ta isa ajiya, a riƙa juye ta a babur duk wata ana sake sabo. Baƙin mai kuma kaɗan yake ci, wajen lita 0.6, a canja shi bayan sa'a 20 na farko, daga nan duk sa'a 100 ko wata shida, wanda ya riga zuwa. Yawancin injunan suna da na'urar da ke kashe su in baƙin mai ya yi ƙasa. Abu ne mai kyau, amma in aka ajiye injin a karkace, a gangaren tabki ko kan amalanken da ya sunkuya, na'urar za ta ɗauka mai ya ƙare ta kashe shi ana tsakiyar aiki. Mutane da yawa suna cire wayarta don huce haushi; abin da ya kamata shi ne a daidaita zaman injin. Soson tace iska a wanke shi da sabulu duk mako biyu a lokacin ƙurar hunturu, a bar shi ya bushe, a ɗan shafa masa baƙin mai a matse. Tazarar bakin buji milimita 0.7 zuwa 0.8 ce.

Wasu masu lambu sun mayar da injunansu masu aiki da tukunyar gas saboda sauƙin kuɗi. A lambu dabara ce mai kyau. Na kwamitin gobara a bar shi a fetur; ba a kai tukunyar gas kusa da wuta.

Game da asali da kwaikwayo: na kamfanin Honda na gaske, mai injin GX120 ko GX160, ya fi daɗewa kuma ya fi saurin tashi, amma kuɗinsa ya ninka na sauran. Mafi yawan abin da ke kasuwa ƴan Sin ne masu bin tsarinsa, ana rubuta musu 168F, wasu har da jan fenti da farin tanki don su yi kama. Ba mu raina su ba. Kayan gyaransu na ko'ina, duk mai gyaran janareta ya san cikinsu, kuma ga injin da zai yi sa'a 30 ko 40 a shekara sun wadatar. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a biya kuɗin asali a karɓi kwaikwayo. A je shago da makaniki, a duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen injin, a ce mai shago ya zuba baƙin mai ya tada shi da tano cike da ruwa a gabanka. A toshe bakin fitar ruwa na daƙiƙa kaɗan a duba ko yana ɗiga ta ƙasa. Mai shagon da ya ƙi a gwada, a wuce na gaba.

Akwai wutar da ba a kai mata wannan injin. Fetur da baƙin mai da man girki suna tasowa kan ruwa su bi shi, don haka rumfar mai sayar da fetur a kwalba in ta kama, yashi ne maganinta, ko kwalbar kashe wuta mai hoda da aka rubuta wa ABC. Mai kilo 6 ko 9 ba ta wuce daƙiƙa 15 zuwa 20 tana feshi, a nufi gindin wutar ana sharewa hagu da dama, kuma a riƙa juya ta ana girgizawa duk wata don kada hodar ta dunƙule. Inda akwai wayar lantarki ko batiran sola, sai an yanke wutar lantarkin kafin ruwa ya taɓa wurin. Tukunyar gas da wuta ke lasa ana iya sanyaya ta da ruwa daga nesa, daga bayan katanga, jama'a kuma a kore su can baya. Gobarar daji irin wadda ke cinye makiyaya a wajajen Tanut, Gure da Teskar daga Oktoba zuwa ƙarshen sanyi, ita ma ba aikin wannan injin ba ce, domin gabanta na iya yin kilomitoci kuma babu ruwa a wurin. Abin da ke tare ta shi ne hanyoyin tare wuta da ake sharewa tun ciyawa ba ta gama bushewa ba, masu faɗin mita 15 zuwa 20, a gicciye da iskar gabas, sai ɗanyen reshe da shebur da famfon goyo mai lita 16, ana bin ta ta gefe daga ɓangaren da ya riga ya ƙone. Ma'aikatan gandun daji su ne masu wannan ilmi, su za a nema.

Horo shi ne inda kwamitoci suka fi yin sakaci. Injin na buƙatar mutum biyar a lokaci guda: mai injin, wanda ba ya barin wurinsa ko me ya faru, mai feshi da mai tallafa masa a baya, mai bin tiyo, da shugaba wanda ba ya riƙe komai sai ido, yana duba iska da inda tartsatsi ke sauka. Ban da su akwai masu kawo ruwa da masu ƙugiya. Kowane ɗan kwamiti ya iya aƙalla aiki biyu. Duk mako a tada injin minti goma da ruwa a ciki. Duk wata a yi gwaji cikakke da agogo, daga bugun ƙarfen gargaɗi har ruwa ya fito a bakin feshi, a rubuta mintocin a littafi, a riƙa canja unguwa, wani lokaci a yi da dare da tocila. A nan ne ake gano lungun da amalanke ba ya shiga da mahaɗin da ya ɓace. Darasin da ya fi wuyar shiga kan mutane shi ne kada a zuba ruwan minti goma a kan bukkar da ta riga ta tafi. Mai gidan zai yi ta kuka yana nuna ɗakinsa, zuciya kuma ba ta son a ƙi shi, amma ruwan na rumbu ne da ɗakin da ke gaba ta inda iska ta nufa. A jiƙa su, masu ƙugiya su kwantar da dannin da ke tsakani su ja shi gefe, sannan a dawo kan wutar daga gefenta. Bayan ta mutu a tona tarin kara da harawa a jiƙa cikinsu, a bar mutum biyu su kwana a wurin. Kafin duk wannan, tambayar farko da shugaba zai yi da isowarsa ita ce ko akwai yaro ko tsoho a ciki.

A nemi sojojin kashe gobara ko ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge su koyar da taimakon farko, ta hannun ma'aikatar magajin gari. Kafin a samu, kowa ya riƙe wannan: ƙuna ana zuba mata ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, a cire zobe da warwaro kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsumma mai tsabta a kai asibiti. Ban da ƙwai, ban da man goge baki, ban da tawada, ban da kashin shanu. Wanda tufafinsa suka kama a kwantar da shi a mirgina shi ko a lulluɓe shi da bargo, kada ya ruga. Ƴan kwamiti su sa tufafin auduga da rufaffen takalmi. Rigar leda irin ta ƴan ƙwallo tana narkewa ta manne a fata.

Wajen zaɓen mutane, kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kwamiti da samari majiya ƙarfi a watan Satumba. Da an gama girbi sai su tafi cirani, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya, daidai lokacin da gobara ke farawa. Sunaye 20 a takarda, mutum huɗu a gari. A fara da waɗanda sana'arsu ta ɗaure su a gida: mai gyaran babur, mai injin niƙa, mai shayi, masu lambu, malamin makaranta, mai amalanke. A sa mata, ba don cika lissafi ba. Gobarar gida da rana take yawan tashi, daga murhu, lokacin da maza ke kasuwa ko daji, kuma mata ne suka san gidan da ke da tano cike. Mace na iya tada injin nan ta riƙe bakin feshi mai milimita 10 ba tare da wahala ba. Mutum 12 zuwa 15 sun isa, a raba su yadda ranar kasuwar makwabta ba za ta kwashe su duka ba. Makullin ɗakin injin ya zama uku, a hannun mutum uku da ke unguwa dabam-dabam.

Kuɗin sayen injin yakan zo da sauƙi: ƴan gari mazauna waje, ko wani mai hali, ko wata ƙungiya. Kuɗin riƙe shi ne ba mai bayarwa. A ɗauki gari mai gida 100, kowane gida ya ba da dala 20 a wata, wato sefa 100. Jika 10 ke nan a wata, jika 120 a shekara. Wannan zai ɗauki fetur na gwaji, baƙin mai sau biyu, buji, zoben roba, da canjin guntun tiyo ɗaya ko biyu, a kuma ajiye wani abu don ranar da famfo zai buƙaci babban gyara. Karɓar dala 20 gida-gida duk wata yana gajiyar da mai karɓa, ya kan mutu a wata na huɗu. Ya fi sauƙi a karɓa sau ɗaya da kaka, tiya biyu ko uku na hatsi kowane gida, a ajiye a sayar da bazara lokacin da farashi ya tashi. Ma'aji dabam, mai littafi dabam, a karanta lissafi a bainar jama'a sau biyu a shekara. In ana son buɗe asusu ko neman tallafi daga ƙaramar hukuma, sai kwamiti ya yi takardunsa a matsayin ƙungiya bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, da sunayen shugabanni da dokokin cikin gida.

Za a kawo shawarar a riƙa ba masu lambu hayar injin don ya ciyar da kansa. Tana da daɗin ji, kuma gaskiya injin da ke aiki ya fi wanda ke zaune lafiya. Amma lokacin lambu shi ne lokacin gobara. In har za a yi, a rubuta sharaɗi: lambun da bai wuce tafiyar minti biyar ba, injin ya dawo kafin magariba da tankin fetur cike, tiyo da bakin feshi na kwamiti ba sa bin sa, kuma ranar da iska ta tashi ba ya fita. Garin da ya san ba zai iya tsare wannan sharaɗi a gaban ɗan mai gari ko surukin ma'aji ba, kada ya fara.

A ƙarshe a ƙulla ƙaramin akwati a jikin amalanken, a sa masa buji biyu da sifanar kwance shi, igiyar ja mita biyu, zoben roba na inci 2 guda shida, ƙarfen ɗaure tiyo guda huɗu, sukudireba, filaya, rabin lita na baƙin mai, robar famfo sabuwa guda ɗaya, tocila biyu, da bokiti ƙarami na cika famfo. A manna takarda a cikin murfin da jerin kayan, a ƙirga su duk ranar gwajin wata.